Porthcurno: Ƙauyen da Labaran Duniya Suka Yi Shekara Ɗari Suna Ratsawa

A can ƙurewar kudu maso yammacin Ingila, a yankin Cornwall, akwai wani siririn kwari da ke gangarawa tsakanin duwatsu har ya ƙare a wani ɗan fili mai farin yashi a bakin teku. Sunan wurin Porthcurno. Tsakaninsa da Penzance, garin da layin dogo ya tsaya, kimanin mil 9 ne, kuma daga nan zuwa tsinin da Turawan Ingila ke ɗauka a matsayin ƙarshen ƙasarsu bai wuce mil 3 ba. Mazaunansa na dindindin ba su taɓa kai yawan mutanen ƙaramar unguwa guda a Kano ba. Amma tsawon shekara 100 cif, daga 1870 zuwa 1970, babban kaso na saƙonnin da ke tsakanin Landan da ƙasashen da take mulka ta ƙarƙashin wannan yashi yake wucewa: farashin auduga a Bombay, umarnin yaƙi, mutuwar sarakuna, rahotannin gwamnoni daga Afirka ta Yamma. Tarihin ƙauyen ya ƙunshi labarai iri biyu da suka zauna kafaɗa da kafaɗa, wato na duniya da ke bin waya, da na gida da ke bin baki, kuma da wuya ka ga sun gaisa.

Kafin zuwan waya, babban labari a wannan gaɓa shi ne labarin kifi. Mutanen ƙananan mashigai irin su Penberth da Porthgwarra, maƙwabtan Porthcurno, sun dogara da wani nau'in kifin sadin da ke zuwa garke-garke a ƙarshen bazara. Akan ajiye mutum a kan tudu, aikinsa kawai ya zuba wa teku ido. Da zarar ya hango ruwa ya canza launi saboda cinkoson kifi, sai ya ƙwala kira, sa'an nan ya riƙa kaɗa rassan itace da hannu biyu yana nuna wa masu jiragen kamun kifi inda za su zagaya da koma. Shi ne sanƙiran gari, kuma cin abincin shekara guda yana iya rataya a kan kaifin idonsa. Kifin da aka kama akan zuba masa gishiri, a danna shi a ganguna, a yi safararsa zuwa Italiya. Wannan ita ce kafar yaɗa labarai ta farko da yankin ya sani, kuma tana da wata fa'ida da manyan kafofi suka rasa daga baya: mai ba da labarin da masu sauraronsa tukunya ɗaya suke ci.

Akwai wani abin da ya faru a 1824 wanda har yau ba a daina ba da labarinsa a can ba. A kan wani tsauni da ke gabashin mashigin akwai wani ƙaton dutse da ake kira Logan, mai nauyin tan da dama, wanda ya zauna a kan ɗan'uwansa ta yadda mutum ɗaya kan iya girgiza shi da hannu amma ba ya faɗuwa. Wani masanin tarihin yankin, William Borlase, ya taɓa rubuta cewa babu ƙarfin da zai iya kawar da shi daga mazauninsa. Sai wani matashin hafsan sojan ruwa, Laftanar Hugh Goldsmith, wanda ke jagorancin wani ƙaramin jirgin sintiri mai suna Nimble, ya ga wannan magana ta yi kama da ƙalubale. A watan Afrilu ya hau tsaunin da wasu daga cikin yaransa, suka sa ƙarafa suka ture dutsen. Abin da bai lissafa ba shi ne, mutanen ƙauyen Treen da ke kusa da wurin suna samun na cefane ne daga raka baƙin da ke zuwa kallon dutsen. Kukansu ya kai har hedikwatar sojan ruwa a Landan, aka umarci Goldsmith ya mayar da dutsen inda ya same shi. An aro masa kayan ɗaga nauyi, mutane fiye da 60 suka yi ta fama, a farkon Nuwamba dutsen ya koma mazauninsa a gaban taron jama'a. Kuɗin aikin ya kama fam 130 da sule 8 da sisi. Masu zuwa wurin sun ce tun daga lokacin bai ƙara girgiza da sauƙi kamar da ba. Abin lura shi ne yadda ƙorafin 'yan ƙauye, a zamanin da wasiƙa ke kwanaki a hanya, ya tilasta wa rundunar ruwa mafi ƙarfi a duniya ta ladabtar da ɗanta.

Abin da ya sauya ƙaddarar kwarin ya samo asali ne daga Indiya. Lokacin da sojojin Indiya suka yi wa Turawa bore a watan Mayun 1857, sai da labarin ya yi fiye da wata guda kafin ya isa Landan. Daular da ke mulkin miliyoyin mutane daga nesa ta gane cewa tana mulki ne da labarin da ya riga ya tsufa. Yunƙurin farko na shimfiɗa waya ta Bahar Maliya a 1859 da 1860 ya ci tura, wayar ta lalace, gwamnati kuwa ta yi gomman shekaru tana biyan masu hannun jari saboda lamunin da ta tsaya musu. Layukan da suka bi ta tudu, ta Daular Usmaniyya da Farisa, suna aiki, amma saƙo kan ratsa hannun ma'aikatan da ba su jin Turanci, ya isa a gurguje ko a hargitse, kuma kowace gwamnatin da ke kan hanya tana iya karantawa ko ta datse shi.

John Pender, ɗan kasuwar yadi ɗan asalin Sikotilan wanda ya yi arziki a Manchester, shi ne ya haɗa kamfanonin da suka ɗinke hanyar ta ƙarƙashin teku. Wanda ya ɗauki ɓangaren Ingila sunansa na ɗauke da sunayen Falmouth da Jibralta da Malta, domin a tashar Falmouth aka shirya wayar za ta fito. Daga baya aka lura cewa tasha mai cinkoson jirage haɗari ce, don kuwa anga guda ɗaya tana iya tsinke abin da aka kashe dubban fam a kansa. Aka nemi wuri mai yashi, wanda jirage ba sa yada zango, aka samu Porthcurno. Wato rashin muhimmancin ƙauyen shi ne ya jawo masa muhimmanci. A watan Yunin 1870 aka jawo bakin wayar zuwa gaɓa. Daga nan ta nufi Carcavelos kusa da Lisbon a Fotugal, ta wuce Jibralta, Malta, Iskandariyya, Suwez, Adan, har Bombay. Ranar 23 ga Yuni aka yi liyafar buɗewa a gidan Pender da ke Landan, manyan baƙi suna aika gaisuwa Indiya suna samun amsa kafin su tashi daga zama. A 1872 aka haɗe kamfanonin suka zama Eastern Telegraph Company, wanda ya zamo mafi girma a wannan harka a duniya.

Ita kanta wayar abu ce mai sauƙin fahimta. A tsakiya akwai jan ƙarfe, an lulluɓe shi da wani irin danƙo da ake tatsa daga itatuwan Malaya, wanda ruwan gishiri ba ya ci, sa'an nan an naɗe shi da igiya da zaren baƙin ƙarfe. Wahalar tana wajen karanta saƙon. Wutar da ta yi tafiyar ɗaruruwan mil a ƙarƙashin ruwa tana isowa ne a raunane, ba ta da ƙarfin buga komai. Sai aka yi amfani da na'urar da William Thomson ya ƙirƙira, mai ɗan ƙaramin madubi da ke juyawa hagu ko dama gwargwadon wutar da ta shigo, yana jefa ɗigon haske a kan ma'auni. Mutum ɗaya yana zaune a ɗaki mai duhu yana kallon ɗigon yana faɗin haruffa, wani yana rubutawa. Daga baya wata na'urar ta Thomson ta maye gurbinta, mai zana layi da tawada a kan siririyar takarda. A kowace tasha a kan hanya sai ma'aikaci ya karanta saƙon ya sake buga shi da hannu zuwa ta gaba, har zuwa shekarun 1920 da aka samu injinan da ke yin wannan da kansu. Kuɗin aikawa kuwa da kalma ake lissafawa, kowace kalma sule da dama zuwa wurare masu nisa. Saboda haka waya ta zama ta gwamnati, da bankuna, da manyan 'yan kasuwa, da kamfanin dillancin labarai na Reuters. Talaka, a Cornwall yake ko a Legas, bai san ta ba sai a ranar mutuwa ko wata babbar masifa.

A nan ne labarin ya taɓa ƙasar Hausa. A 1886 kamfanin African Direct, ɗaya daga cikin na rukunin Pender, ya haɗa Legas da wannan sarƙa, ta Akara da Firitawun da Bathurst, wato Banjul ta yau, zuwa tsibirin St Vincent na Kef Bade, daga can kuma arewa ta Madeira har Ingila. A ƙarshen ƙarni na 19 sojojin Turawa suka ja layin tudu daga Legas zuwa Jebba da Lakwaja, daga baya ya kai Zungeru, hedikwatar Lugard. Lokacin da rundunar Kanar Morland ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, manzanni ne suka kai labarin inda waya ta tsaya, daga nan ya bi turaku zuwa gaɓa, ya nutse a teku, kuma kafin watan ya ƙare jaridun Landan sun buga shi. Shi kuwa Sarkin Kano Alu, wanda ke kan hanyar dawowa daga Sakkwato, a bakin mahaya ya ji cewa birninsa ya faɗi. Haka labarin Sakkwato na 15 ga Maris ya bi, haka na Burmi na 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu. Ana yawan ambaton bindiga mai ruwa idan ana bayanin yadda Turawa suka yi galaba, kuma gaskiya ne, amma ɓangaren da ke iya neman umarni da ƙarin sojoji da kuɗi daga nisan dubban mil cikin kwana ɗaya ko biyu yana da wani makamin da ba ya ƙara. Ba banza ba kuma harshen Hausa ya riƙe alamar wannan zamani. Kalmar waya aro ce daga sunan wannan zaren ƙarfe, ofishin aika wasiƙu ya zama gidan waya, kuma wanda ke riƙe da salula a yau yana cewa zai buga waya, alhali babu zaren da ke jikinta kuma babu abin da yake bugawa.

Duk wannan yana wucewa ta Porthcurno, amma manomi ko masuncin da ke zaune ƴan taku daga ofishin ba shi da rabo a ciki. Ma'aikatan suna ƙarƙashin dokar riƙe sirri, kuma saƙonni da yawa a rufe suke da lambobin da su kansu masu bugawar ba su san ma'anarsu ba. Mutumin gari yana jiran jaridar mako-mako ta The Cornishman, wadda aka fara bugawa a Penzance a 1878, don ya karanta farashin kifi da dabbobi, da shari'o'in ƙananan kotuna, da jirgin da ya dare a kan dutse, da wanda ya yi aure da wanda ya rasu. Idan labarin yaƙin Afirka ta Kudu ya zo masa, to sai da ya wuce ta ƙofar gidansa zuwa Landan, aka tace shi, aka buga, sa'an nan ya dawo masa a jirgin ƙasa.

Su ma ma'aikatan wata al'umma ce daban. Yawancinsu samari ne da aka ɗauko daga wasu sassan Birtaniya, wasu ba su kai shekara 20 ba, ana koya musu aiki a nan kafin a tura su Adan ko tsibirin Ascension ko wani wurin da ba su taɓa jin sunansa ba. Suna kiran kansu da sunan da ke nufin waɗanda aka kora daga gida, suna kiran tashar da haruffa biyu na lambarta, PK. Suna da filin wasanninsu da ƙungiyar wasan kwaikwayonsu, kuma a 1906 aka fara buga musu mujalla mai suna The Zodiac, wadda ke ɗauke da labaran canjin wurin aiki, sakamakon wasanni, aure da haihuwa, daga tashoshin da ke warwatse a nahiyoyi. Abin sha'awa ne cewa mutanen da manyan labaran duniya ke bi ta yatsunsu kullum, da suka tashi yin jaridar kansu, irin ta ƙauye suka yi.

Barazana ta farko ga wannan daula ta fito ne daga tsallaken ruwan da ake hangowa daga tsaunin ƙauyen. A Poldhu, a ɗaya gefen mashigin Mount's Bay, Guglielmo Marconi ya kafa tasharsa, kuma ranar 12 ga Disambar 1901 ya sanar cewa ya karɓi sigina daga can a Newfoundland, a tsallaken Atilantika, ba tare da waya ba. Kamfanin Eastern bai yi wasa da lamarin ba. A 1902 ya kafa dogon turke a kan tsaunin da ke yammacin mashigin don sauraron abin da Marconi ke aikawa, da taimakon Nevil Maskelyne, mutumin da aka fi sani da wasan dabo a dandalin Landan. Manufar ita ce a nuna wa duniya cewa saƙon iska ba shi da sirri. Har yau ana kiran tsaunin da sunan wannan aikin leƙen asiri. Sun yi gaskiya game da sirri, kuma yaƙin 1914 ya nuna darajar mallakar waya, domin a ranar 5 ga Agusta, sa'o'i kaɗan bayan shiga yaƙin, wani jirgin Birtaniya ya yanke wayoyin Jamus biyar da ke ratsa mashigin Ingila. Amma a kasuwa arha ke magana. A tsakiyar shekarun 1920 sabon tsarin rediyon gajeren zango ya janye kaso mai tsoka na ciniki daga hannun masu waya cikin ɗan lokaci. Gwamnati ba ta son wayoyin su durƙushe saboda amfaninsu a lokacin yaƙi, don haka bayan wani taro a 1928 aka haɗa abokan gabar biyu a kamfani ɗaya a 1929, wanda ya ɗauki sunan Cable & Wireless a 1934. A wannan zamani wayoyi 14 ne ke fitowa a yashin Porthcurno, kuma babu tasha irinta da ta kai ta girma a duniya.

A daidai waɗannan shekaru wani labarin gida yana tasowa a kan tsaunin yamma, wanda a lokacin babu wanda zai sa shi a ma'auni ɗaya da na waya. Wata mata mai suna Rowena Cade ta sayi tsinin dutsen a kan fam 100 a farkon shekarun 1920 ta gina gida. Wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta ƙauye tana neman wurin da za ta nuna wasan Shakespeare mai suna The Tempest, sai ta ba su gangaren lambunta. Ita da mai kula da lambun, Billy Rawlings, suka kwashe lokacin sanyi suna fasa dutse, suna jera matakalai a bakin ramin da ke kallon teku. A watan Agustan 1932 aka yi wasan, da hasken fitilun mota da batura. Ta ci gaba da ginin har tsufanta, tana ɗauko yashi a buhu daga gaɓa tana hawa da shi, tana zana ado a jikin ɗanyen siminti da bakin sukudireba. Ta rasu a 1983. Wurin shi ne dandalin Minack.

Da Faransa ta faɗa hannun Jamus a Yunin 1940, sai ƙauyen ya wayi gari abokan gaba suna da filayen jiragen sama kimanin mil 100 daga gare shi. Aka kirawo masu haƙar kuza na yankin, waɗanda kakanninsu suka yi ƙarnuka suna wannan sana'a, suka huda dutsen da ke bayan ofishin, suka fitar da ramuka biyu masu ƙofofin ƙarfe da matakalar tsira da ke ɓullewa a saman tudu. A watan Mayun 1941 aka kwashe na'urori zuwa ciki. An killace gaɓar da waya mai ƙaya da ma'ajiyar bindigogi, sai da takardar izini ake shiga kwarin, har dandalin Rowena Cade bai tsira daga shingen sojoji ba. Mutanen gari sun ɗauki haɗarin zama kusa da abin da maƙiyi zai so ya ragargaza, ba tare da sun san abin da ke wucewa a cikinsa ba. Tashar ta fita daga yaƙin lafiya.

Abin da bama-bamai ba su yi ba, sabuwar fasaha ta yi. Wayoyin tarho na ƙarƙashin teku da taurarin ɗan'adam sun sa tangarahu ya zama tsohon yayi, kuma a ƙarshen 1970 aka rufe aikin. Kwalejin horar da injiniyoyi da kamfanin ya buɗe a kwarin a 1950, wadda ta karɓi ɗalibai daga ƙasashe da dama, ta ci gaba har 1993, lokacin da aka mayar da ita Coventry. Tafiyarta ce ta fi yi wa ƙauyen ciwo, domin da ita aikin yi da samarin da ke cika shaguna suka tafi. Tsofaffin ma'aikata ne suka tsaya kai da fata aka adana ramukan da na'urorin, aka mayar da su gidan tarihi.

Sai dai teku bai daina ɗaukar saƙo ba. A 1997 wata babbar waya ta zaren gilashi mai haɗa Turai da Asiya ta fito a wannan gaɓa, ta bi ƙarƙashin ƙasa zuwa wani gini da ba ya jan hankali a bayan gari. A arewacin Cornwall, kusa da Bude, nan ne wayar Glo-1 da ta taso daga Legas ta sauka, wadda ta fara aiki a 2010. Mafi yawan abin da ke zirga-zirga a intanet tsakanin nahiyoyi har yanzu ta ƙasan teku yake bi, abin da mutane da yawa a Najeriya da Gana suka tuna da shi a dole ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyi huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata, masu sana'ar POS suka zauna suna kallon na'urorinsu. Taswirar waɗannan wayoyi ta yau, idan aka ɗora ta a kan ta kamfanin Pender, kamanninsu yana da ban mamaki: mashigai iri ɗaya, tsibirai iri ɗaya, kuma da yawa daga layukan Afirka ta Yamma har yanzu Turai suke fuskanta.

Labaran da ke damun mazauna Porthcurno a yanzu na wani fanni ne. Dandalin Minack yana jawo dubban baƙi a kowace shekara, har matan shugabannin ƙasashen G7 sun ziyarce shi a Yunin 2021. Hanyar da ke shiga kwarin siririya ce, mota biyu ba sa giftawa a wasu wurare sai ɗaya ta ja baya, kuma a lokacin zafi takan cushe har motar asibiti ta rasa wurin wucewa. Gidaje da yawa sun koma hannun masu kuɗi daga birane da ke zuwa hutu na 'yan makonni, ko kuma ana ba da su haya ga baƙi, yaran da aka haifa a yankin kuwa ba sa iya sayen muhalli a inda suka tashi. Daga Afrilun 2025 majalisar Cornwall ta ninka harajin irin waɗannan gidaje. A watan Agustan 2018, bayan hotunan gaɓar sun bazu a shafukan sada zumunta kuma wani shirin talabijin da aka ɗauka a wurin ya yi farin jini, cunkoson ya kai matsayin da hukumar yawon buɗe ido ta yankin ta sanar cewa ta daina tallata Porthcurno, tana roƙon baƙi su nemi wasu gaɓoɓin.